Yadda na bar sukari da abincin kamfani, daga awon jini har nauyina ya zauna

Masu tambayata yadda na rage ƙiba sun yi yawa, kuma galibinsu sunan wani magani ko wani shayi suke jira su ji. Ba ni da ko ɗaya. Abin da na yi shi ne na fitar da sukarin da ake ƙarawa da abincin da kamfani ya gama sarrafawa daga cimata, mataki bayan mataki, da taimakon likita da masaniyar abinci. A baki abin ba wuya, amma kowane mataki yana da abin da ya ɗaure mini kai, wanda da an gaya mini tun farko da ban sha fargabar da na sha ba. Shi ya sa zan kawo labarin a jere kamar yadda ya faru.

Da asibiti na fara. Na daɗe ina jin kasala bayan cin abinci, gwiwoyina suna ciwo, hawa matakala kuma sai da haki, don haka na ga gara in san halin da jikina yake ciki kafin in taɓa abincina. Bayan na yanki kati na bi layi, nas ce ta fara karɓa ta. Ta auna nauyina da tsawona da hawan jini, sannan ta zagaya ƙuguna da tef daidai wajen cibiya. Da nauyi da tsawo ake fitar da lissafin da suke kira BMI: daga 25 an shiga nauyin da ya wuce kima, daga 30 kuma ƙiba ce. Nawa ya haura 30. Ta ce mini awon ƙugu ma yana da nasa muhimmanci, domin kitsen tumbi shi ne ya fi alaƙa da ciwon sukari da ciwon zuciya, kuma ƙa'ida mai sauƙi ita ce kada ƙugun mutum ya kai rabin tsawonsa. Likita kuwa tambayoyi ya yi ta yi: ko akwai mai ciwon sukari a danginmu, ko ina shan wani magani kullum, awa nawa nake barci, ko ana ce mini ina minshari. Sai daga baya na gane dalili, ashe akwai magungunan da ke ƙara nauyi, akwai kuma cututtukan da ke kawo ƙiba waɗanda barin sukari ba zai warkar da su ba. Ya rubuta mini takardar gwaje-gwaje: sukarin jini na safe kafin a ci komai, wani gwajin sukarin jini da ake kira HbA1c, kitsen jini, aikin hanta da ƙoda, da tayirod, wato wata gaɓa da ke gaban wuya wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo.

Ɗakin gwaji shi ne wurin farko da mutum zai iya ɓata safiyarsa a banza idan ba a yi masa bayani ba. Gwajin sukarin safe yana buƙatar a kwana ba a ci komai ba, aƙalla awa 8, amma ruwa zalla ba ya ɓata shi, shan ruwan ma yana sauƙaƙa samun jijiya. Shayi da sukari kuwa, ko kurɓi ɗaya, ya ɓata. Na ga wanda aka mayar gida saboda wannan bayan ya daɗe a layi. Layin safe yana da tsawo tunda duk masu irin wannan gwaji lokaci ɗaya suke zuwa, saboda haka a yi sammako, a kuma riƙo abin karin kumallo a jaka. Kuɗin gwaje-gwajen ya fi kuɗin ganin likita nesa ba kusa ba, kuma ba laifi ba ne mutum ya tambayi likita waɗanne ne suka zama dole yanzu, waɗanne za su iya jira. Wasu sakamakon sun fito a ranar, wasu sai bayan 'yan kwanaki. Na nemi kwafin kowace takarda na ajiye a gida, kuma wannan ya yi mini amfani ƙwarai, don da su aka riƙa kwatanta duk awon da ya biyo baya.

Ranar da na koma da sakamako gabana yana faɗuwa. Likita ya ɗora yatsa a kan layin HbA1c ya ce, "Malam, ba ka da ciwon sukari, amma kana bakin ƙofarsa." Ya yi mini bayanin cewa wannan gwaji yana nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce, ba na rana ɗaya ba. Ƙasa da kashi 5.7 lafiya lau, daga 5.7 zuwa 6.4 matakin gargaɗi ne, daga 6.5 kuma ana maganar ciwon sukari. Nawa yana tsakiya. Mai sikila ko ƙarancin jini ya kamata ya sanar da likita, domin wannan gwaji yana iya ba da lambar da ba daidai ba a jikinsu. Na yi shiru na ɗan lokaci, tsoro ya kama ni, amma abin da ya faɗa bayan nan ya kwantar mini da hankali. Ya ba ni labarin wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mutane fiye da 3,000 da ke wannan mataki nawa, aka fitar da sakamakonsa a 2002. Waɗanda aka ɗora kan gyaran abinci da motsa jiki na minti 150 a mako, da burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ni da na zo da tunanin sai na zubar da rabin jikina, sai ga shi ana ce mini mai kilo 100 kilo 7 ne burinsa na farko. Ya ja mini kunne a kan abu ɗaya da nake so kowa ya ji: duk wanda yake allurar insulin ko shan maganin sauke sukari, kada ya yanke sukari da sitaci farat ɗaya ba da sanin likitansa ba, don sukarin jininsa yana iya faɗuwa ƙasa har ya suma. Mai shan maganin hawan jini ma yakan buƙaci a sake duba adadin maganinsa idan nauyi ya fara sauka. Daga nan ya rubuta mini takardar turawa zuwa sashen masana abinci.

A can sai da na jira 'yan makonni kafin a ba ni rana, amma ba a bar ni haka nan ba. An ce in riƙa rubuta duk abin da ya shiga bakina, da lokacin, da yawansa, har da abin sha, ba tare da na canza komai ba. Wannan sharaɗi na kada a canza komai yana da wuya, domin da zarar mutum ya fara rubutawa sai ya ji yana so ya gyara don takardar ta yi kyau. Masaniyar abincin ba kyau take nema ba, gaskiya take nema.

Zaman da na yi da ita shi ne ya fi kowane tsawo, shi ne kuma ya canza mini tunani. Ta ɗauki biro ta zagaye duk abin sha da ke cikin littafina, ta ce mu ƙirga da cokali. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar kimanin giram 4 na sukari. Gwangwani ɗaya na lemon kola mai mililita 330 yana da kusan giram 35, wato cokali takwas zuwa tara. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana, in da hali ma a sauko da shi ƙasa da kashi 5, kimanin giram 25 ko cokali shida ga babban mutum. Ke nan gwangwani ɗaya ya wuce da rabon yini gaba ɗaya, tun ba a zo kan shayin safe da biskit na rana ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse duk suna cikin wannan lissafi, ko da a gida aka matse su. Lemon zaƙin da aka ɓare aka ci da tsokarsa ba ya ciki, haka sukarin da ke cikin madara tun asali. Na ce mata, "Malama, to ai ni na ɗauka zuma magani ce." Ta ce zuma abinci ce mai kyau, amma a wajen ƙirga sukari jiki ba ya ware ta.

Daga nan ta shiga batun abincin kamfani, ta raba mini shi yadda ban taɓa ji ba. Ba duk abin da aka sarrafa ne abin gudu ba. Niƙa hatsi sarrafawa ce, busar da wake sarrafawa ce, kifin gwangwani da madarar da aka dafa don kashe ƙwayoyin cuta su ma haka. Abin da ake magana a kai shi ne rukunin ƙarshe a tsarin NOVA na rarraba abinci bisa yadda aka sarrafa shi, wanda Carlos Monteiro da abokan aikinsa na Jami'ar Sao Paulo a Brazil suka fara gabatarwa a 2009: kayan da aka harhaɗa a masana'anta daga sitaci da mai da sukari da gishiri, aka zuba musu launi da ƙamshi da sinadaran da ba a samun su a kicin ɗin gida. Lemon kwalba, biskit, cakulan, alewa, taliyar leda mai dahuwa cikin minti kaɗan, soyayyen dankalin leda, tsiran kamfani, hatsin karin kumallo mai zaƙi, yogot mai ɗanɗanon 'ya'yan itace, da yawancin burodin leda. Ta gaya mini gwajin da Kevin Hall ya jagoranta a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, wanda aka wallafa a 2019. Mutum 20 aka ajiye a cibiyar, mako biyu ana ba su irin wannan abinci, mako biyu ana ba su wanda aka dafa daga ɗanyen kaya, an daidaita sukari da mai da gishirin da aka ajiye musu a ɓangarorin biyu, aka ce kowa ya ci ya ƙoshi. A makonnin abincin kamfani sun riƙa cin ƙarin kalori (ma'aunin kuzarin abinci) kusan 500 a rana, suka ƙara kusan kilo ɗaya, a ɗaya ɓangaren kuma suka rage kusan kilo ɗaya. Ba wanda ya ce musu su rage ci. Wannan labari ya sauke mini wani nauyi a zuciya, domin na daɗe ina ganin ƙibata rashin ƙarfin hali ce kawai, alhali irin wannan abinci yana da laushi, yana wucewa da sauri, mutum ya ci da yawa kafin ciki ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa ya isa.

Tsarin da ta ba ni bai ce in bar komai rana ɗaya ba. Abin sha ne farko, shi kaɗai, har sai ya zauna. Lemon kwalba da ruwan 'ya'yan itace na kwali suka fita gaba ɗaya, sukarin shayi kuma na riƙa rage shi rabin cokali rabin cokali. Makon farko ya yi mini nauyi. Kaina ya yi ta ciwo, raina yana saurin ɓaci, da la'asar kuma sai in ji kwaɗayin zaƙi ya taso mini kamar ba zan iya aiki ba. Ta riga ta gaya mini cewa yawancin ciwon kan daga rashin kafeyin ne, wato sinadarin wartsake jiki da ke cikin lemon kola, kuma kofin shayi ko gahawa marar sukari yana sauƙaƙa shi. Haka kuwa aka yi. Kwaɗayin ma na lura yana zuwa ne ya wuce, idan na sha ruwa na tashi na ɗan zaga. A wannan lokaci sikeli ya nuna na sauka da sauri, har na fara murna. Da na gaya mata sai ta ce in yi murna amma in san abin da ya tafi: jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka tare da ruwa, kowane giram da kusan giram uku na ruwa, don haka yawancin abin da ke sauka a farko ruwa ne. Saukar kitse ta gaskiya a hankali take, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako idan abu yana tafiya daidai. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka abin ya daina aiki a mako na uku, ya watsar.

Mataki na biyu shi ne sayayya da karanta bayan leda. Zuwana kanti na farko ya ɗauki lokaci mai tsawo, ina juya kowane kwali. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, don haka idan sukari yana cikin ukun farko, an san inda aka dosa. Sukarin kuma ba kullum yake zuwa da sunansa ba: glucose, fructose, dextrose, maltose, da duk abin da aka kira syrup, duk shi ne. A teburin sinadarai na koyi duba layin giram 100, ba layin abin da kamfani ya kira cin mutum ɗaya ba, wanda sau da yawa ya fi abin da mutum ke ci ƙanƙanta. Ma'aunin da ake amfani da shi a Birtaniya ya taimake ni: giram 5 ko ƙasa da haka a cikin giram 100 kaɗan ne, sama da 22.5 ya yi yawa. Na sami sukari a wuraren da ban zata ba, a miyar tumatir ta kwalba, a burodi, a abin da aka rubuta wa "marar kitse" da manyan baƙaƙe. Game da kuɗi, gaskiyar magana ita ce kifi da nama da 'ya'yan itace sun ɗaga mini kuɗin cefane, amma abin da na daina kashewa a kan lemo da kayan kwalama ya cike mafi yawan giɓin, wake da ƙwai da ganyaye kuma suka riƙe sauran. Ainihin tsadar tana wajen lokaci. Abincin kamfani a shirye yake, na gida sai an dafa.

A nan ne na ga cewa duk tafiyar a kicin take tsayawa ko ta faɗi. Ranar da na dawo a gajiye babu dafaffen abu, ranar ce ledar biskit take kira na. Saboda haka ni da mai ɗakina muka ware yini ɗaya a mako muna dafa wake da miya da yawa, mu dafa ƙwai, mu wanke ganye mu yanka, mu raba a robobi. Kayan zaƙi kuma muka daina ajiye su a gida, domin abin da ba ya cikin kabad ba sai an yi kokawa da shi da tsakar dare ba. Yara sun yi ƙorafi da farko, muka bar musu nasu ya zama na lokaci-lokaci a waje. Faranti kuwa masaniyar ta koya mini raba shi ba tare da sikelin abinci ba: rabi kayan lambu, kwata nama ko kifi ko ƙwai ko wake, kwata shinkafa ko dankali ko wani hatsi, wanda ba a cire masa dusa ba in an samu. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ba a hana ni sitaci ba, ba a kuma ce in zauna da yunwa ba, ta ma nanata cewa tsarin da ke barin mutum da yunwa kullum ba ya ɗorewa. Bayan 'yan makonni harshena ya canza. Gwanda da ayaba suka yi mini zaƙin da ban san suna da shi ba, kurɓin lemon kwalba da na yi a wani taro kuma ya gundure ni tun kafin in haɗiye.

Wajen wata na uku zuwa na huɗu nauyin ya tsaya cak. Makonni suna wucewa sikeli yana nuna lamba ɗaya, ga shi ban koma wa komai ba. Wannan lokaci ya fi makon farko ciwo a rai, don a makon farko na san abin da nake yaƙi da shi. Na koma wurin masaniyar abincin da littafina. Ta sake auna ƙuguna, sai ga shi ya ragu ko da sikeli bai motsa ba. Ta ce jikin da ya ragu yana ƙona kuzari ƙasa da na da, don haka abincin da ya sa ni sauka a farko yanzu riƙe ni kawai yake yi. Ta kuma nuna mini cewa abincin gida ma yana da nasa lissafi: babban cokali ɗaya na mai kusan kalori 120 ne, gyaɗa da dabino kuma suna da amfani amma ba a cin su da kwano. Muka fara auna mai da cokali maimakon a tuttula daga kwalba. Ta ƙara mini tafiyar sauri ta minti 30 kwana biyar a mako, da motsa jiki na ƙarfafa tsoka sau biyu, don kada tsoka ta tafi tare da kitse. Ta matsa mini a kan barci, domin ƙarancinsa yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi washegari, kuma na gwada na ga haka ne. Na tambaye ta lemon da aka rubuta wa babu sukari. Ta ce ya fi mai sukari ga wanda ke neman tsani ya sauko, amma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da sinadaran zaƙin da ake sawa a madadin sukari wajen rage ƙiba. Ni dai na bar shi, saboda yana riƙe mini son zaƙin da nake so harshena ya manta.

Awon jini na biyu an yi shi ne bayan wata uku da wani abu, tunda kafin nan HbA1c ba zai nuna canji sosai ba. Na bi layin safe kamar da, na kai sabuwar takarda tare da tsohuwa. Lambar ta sauko, hawan jinina ma ya yi ƙasa. A awon da ya biyo baya ta fita daga matakin gargaɗi, nauyina kuma ya wuce kashi 7 ɗin da aka sa mini. Na yi hamdala, amma likita bai sallame ni ba. Ya ce rage nauyi da riƙe shi aiki biyu ne daban, ya kawo wani bincike da aka yi a Melbon ta Ostareliya aka wallafa a 2011, wanda ya gano cewa shekara guda bayan mutane sun rage nauyi, sinadaran jiki masu tayar da yunwa suna nan sama, masu sanar da ƙoshi kuma suna ƙasa. Jiki yana ƙoƙarin komawa inda ya fito, kuma wannan ba laifin mai jikin ba ne. A ganina wannan shi ne babban dalilin da ya sa canza irin abincin ya fi ƙirga loma ɗorewa: wake da ƙwai da ganye suna ƙosar da ni, ba sai na yi ta danne yunwa da ƙarfin zuciya ba.

Yau fiye da shekara ke nan nauyina yana zaune. Ina hawa sikeli sau ɗaya a mako, da safe, rana ɗaya, don awon kullum yana hawa da sauka saboda ruwa da gishiri, ba abin da yake ƙara wa mutum sai damuwa. Ni da likita mun sa iyaka: idan na haura da kilo biyu kuma ya zauna haka makonni, in koma rubuta abincina, in bai sauka ba in nemi ranar ganin masaniyar abinci. A wurin taro nakan ci abin da aka ba ni daidai kima, in zaɓi ruwa a madadin lemo, tafiya kuma nakan riƙe dafaffen ƙwai da 'ya'yan itace. Awon jini sau ɗaya ne a shekara yanzu, kuma duk zuwa ina tafiya da tsofaffin takardun gwaji, da jerin magungunan da nake sha in akwai, da littafin abinci na makon da ya gabata.